Darussan da Aka Naɗe

Shekarar da cibiyarmu ta koma koyarwa ta bidiyo, ni ke da lissafi a ajin manya. Ɗalibaina masinjoji ne da ƙananan akawuna masu neman takardar ƙarin girma, sai wasu teloli daga Rafin Guza. Daga falona a Unguwar Dosa nake koyarwa, waya a jingine da gwangwanin madara, farin kwali manne a bango.

Da farko na sha wuya. Ina cikin bayani fuskoki su daskare. In yi tambaya, shiru, sai ƙarar janareta daga gidan wani. A hankali na gano kan abin. Na rage sauri, na riƙa kiran kowa da sunansa, in sa shi ya yi lissafin a takarda ya ɗaga mu gani. Wanda sabis ya yanke masa, in ya dawo in maimaita. Har suka soma gardama da juna kamar a ɗaki ɗaya muke.

Wata rana shugaban cibiyar ya kira ni.

"Malam, darasinka na kyau. Za mu riƙa naɗa saboda waɗanda suka yi fashi."

Daɗi ya kama ni, har sabuwar hula na saya.

Da zango ya ƙare ya sake kirana ofis. Ko kujera bai nuna mini ba.

"Ka san halin da ake ciki. Tunda darussan suna nan a naɗe, sai ka ɗan huta. Za mu neme ka."

Ba su neme ni ba.

Bayan wasu watanni ina wucewa a Hayin Banki, sai na ji muryata daga wani shagon ɗinki. Wata mata ce a kan keke, sabuwar ɗaliba ce ashe. Ta dube ni, ta dubi wayarta.

"La, Malam, kai ne? Wallahi nan wurin ya gagare ni. Na mayar baya har na gaji, abu ɗaya kake ta faɗa."

Daga bakin ƙofa na yi mata bayani da allin ɗinkinta. Nan take ta gane.

"To gobe wa zan tambaya?"

Na ce, "Hajiya, ni an sallame ni."

Ta ce Allah ya kyauta. Na ce amin, na kama hanyar Kawo a ƙasa.