Takardun da Na Ƙona a Bayan Laburare

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda babu abin da ke salwanta daga iliminsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A makon jiya aka kawo mini takardar gayyata daga ƙungiyar marubuta ta laburaren garinmu Ikara, ɗauke da jerin zaman bita da za a yi da sunayen sababbin jagorori. Har yau ban amsa ba, ga kuma dalili.

A zamanin mulkin soja, lokacin tsuke bakin aljihu, mukan haɗu a laburaren kowace Alhamis bayan la'asar. Takarda ta yi tsada, har a bayan tsofaffin fom na sakatariya muke rubutu, kowa kuma kwafi ɗaya gare shi. Al'adarmu ita ce a tara rubuce-rubucen a akwatin katako, jagoran wata ya riƙe makulli.

Wanda ya kafa zaman wani malamin firamare ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, da ke zuwa a keke daga Kurmin Kogi. Yana ce mini Malam, ina ce masa Ticha. Yakan tsokane ni cewa ajamina sawun kaji ne, ni kuwa in ce bokonsa ta hagu yake shiga gida. Shekara biyu ya yi yana rubuta abin da mahaifiyarsa ta faɗa masa kafin rasuwarta: yadda danginsu suka sauko daga kan dutse, da sunayen kakanni. Ya ƙi karanta mana sai ya kammala. Da ya kammala, ya saka rubutun a akwatin, aka rubuta sunansa a allo cewa shi zai fara karatu a watan da jagoranci zai dawo hannuna.

Damina ce, rufin yana yoyo. Ranar da na karɓi makulli na buɗe akwatin, na tarar gara ta ci ƙasansa. Wani ƙunshin takardu ya jiƙe ya kece, shafukansa suka zube a gabana. Karatun bokona mai rauni ne, amma akwai kalmar da ba ta ɓace mini: sunan Allah, kusan a kowane shafi. A zauren da na tashi, takarda mai wannan suna idan ta lalace ba a barinta a taka. Ƙona ta ake yi a binne tokar. Haka na yi a bayan ginin, ban tambayi kowa ba, zuciyata a natse.

Ranar Alhamis ya zo da rigarsa a goge. Ya daɗe yana laluben akwatin kafin in fahimci abin da yake nema. Na faɗa masa gaskiya a gaban jama'a. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, ka karanta kafin ka ƙona?"

Na ce ban karanta ba.

"Da ka karanta, da mun zama mu biyu da muka san abin da ke ciki."

Ya nemi in nuna masa wurin. Ya tsaya a kan ƙasar da na tona, hularsa a hannu, kamar mai ziyarar kabari. Na roƙi gafara, ya ce ya yafe, domin ya san Wanda na girmama. Ya yi ƙoƙarin sake rubutawa, amma ya ce sunayen sun ƙi zuwa a jere.

Kafin kaka aka rage ma'aikata, har da shi, ya koma garinsu. Sunansa ya daɗe a allon, babu wanda ya iya gogewa. Ban san ko yana raye ba. Har yanzu idan na ji ƙaurin takarda, ƙarar kekensa nake ji a bakin ƙofa.

Zan je zaman farko, in Allah ya yarda, in roƙi sababbin jagororin abu ɗaya: kada makulli ya shiga hannun kowa sai ya karanta abin da ke cikin akwatin.

Allah ya yafe mana kuskuren da muka yi da kyakkyawar niyya, ya sanya albarka ga mai karatu da iyalansa, ya tsare musu sunayen magabatansu. Amin.