Gayyar Langalanga a Nasarawa

Har yau ban manta da ranar da akawunan gwamnati suka tuɓe fararen rigunansu suka kama yankan ciyawa a Nasarawa ba. Ku da kuke aikin gashin ƙashi yanzu da injuna iri-iri, ku bari in ba ku labarin, don kuna yawan tambayata abin da ya sa nake damun majiyyata da tambayoyi.

Daminar shekarar da muka samu 'yancin kai ce. Ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti a Nasarawa, unguwar Turawa. Tsarin aikin shi ne likita ya duba mutum ya turo shi wurin Sista, wata Baturiya siririya mai faɗan tsiya, ita ta faɗi abin da za a yi, ni kuma in yi gashi, in yi tausa, in naɗa bandeji, in yi tafinta. Asibitin na Turawa ne da manyan ma'aikata. Shi ya sa na yi mamaki da wani injiniya Bature da muke kira Mai Lofe, saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa, ya shigo da mai kula da lambunsa, Haladu mutumin Ringim, yana tallafe da hannun dama.

Haladu ɗan wasan kurket ne. Ga wanda bai san wasan ba, ana kafa sanduna uku, mutum ɗaya ya tsare su da faffaɗan katako, wani kuma ya rugo da gudu ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar goriba don ya kayar da su. Hannu a miƙe ake jifan, yatsu da wuyan hannu su ke murɗa ƙwallon. Turawa kan sa barorinsu su yi musu jifa da yamma don gwaji, a nan Haladu ya koya, har ya fi iyayen gidan nasa. A shekarar, ma'aikata 'yan ƙasa suka haɗa tasu ƙungiyar kurket a ƙarƙashin Malam Yohanna, wani akawu mutumin Zariya, Turawa kuma suka yarda a kara bayan damina. Ba a taɓa yi ba. Duk ƙarfin gwiwarmu Haladu ne. Mai Lofe yana cikin waɗanda za mu kara da su, amma ya ce ba ya son a ce sun ci wasa don Haladu ba ya fili.

Sista ta danna masa bayan gwiwar hannu, ya yi ƙara. Ta ce ya damƙi yatsunta ya ɗaga wuyan hannu, ya kasa. Ta ce jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ce ta kumbura saboda maimaita motsi ɗaya. Maganinta hutu ne, da ƙanƙara a kwanakin farko, sannan gashi da tausa. In ba ta lafa ba, ba za ta yarda ya yi wasa ba.

Na ce masa, "Ta ce hannun nan ya huta sarai."

Ya ce, "To, Malam Audu, an gama."

Aka kwashe makonni yana zuwa a kan lokaci, amma hannu yana nan jiya-i-yau. Sista ta hau faɗa, wai a ɓoye yake jifa. Haladu ya dube ni ya ce, "Wallahi tallahi ko akuya ban jefa ba tun ran nan." Na yarda da shi, don mutum ne da ba ya iya ƙarya, fuskarsa ke tona shi. Sai Sista ta ce in hau keke in je in gano mata abin da hannun yake yi in ya bar wurinmu.

Da hantsi na isa gidan Mai Lofe. Kun san gidajen Nasarawa na lokacin, gida ɗan ƙarami, fili kamar gona. Tun daga bakin shinge na jiyo fiu, fiu. Ga Haladu can cikin ciyawa har gwiwa, da bandejin da na naɗa masa da hannuna, yana ta kaɗa langalanga, wato dogon ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da ake sharɓe ciyawa da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Haladu, hutun ke nan?"

Ya ce, "Ai ba wasa nake ba, Malam. Aiki ne."

"Ita jijiyar ta san bambanci?"

Ya share gumi ya ce, "To ya zan yi? Damina ce, ciyawa ba ta jira. Mutum ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni asibitin Turawa, sai in zauna ina kallo maciji ya shigar masa gida?"

Na ce a gaya wa maigidan ya ɗauko wani ya riƙe masa. Nan ya daka tsalle. Ya ce duk wanda ya karɓi langalangarka ya karɓi aikinka, shi ya ga yadda aka yi wa wasu. A wurin Haladu wasa ne ake hutawa da shi, ba a hutawa da abin da ake ci da iyali.

Daga nan ofishin Malam Yohanna na wuce. Ya saurare ni yana sosa ƙeya, sai ya ce, "Malam Audu, a ƙauye in gona ta fi ƙarfin mutum, me ake yi?" Na ce gayya. Ya ce shi ke nan, ranar Asabar bayan an tashi aiki.

Ranar kuwa suka zo, akawuna da malaman makaranta da direba da kuku, kowa da langalangar aro. Aka shimfiɗa wa Haladu tabarma a gindin mangwaro, matarsa ta dama fura ƙwarya guda. Ban taɓa ganin abin dariya irin wannan ba. Mutanen da alƙalami kaɗai suka sani, wani ya sari ƙasa, wani ya sari iska har ya juya. Haladu da farko kunya ta hana shi ɗaga kai, amma da ya ga ɓarnar da ake yi sai bakinsa ya buɗe.

"Malam Yohanna, ba sa hannu kake a takarda ba! Saki kafaɗa, ranka ya daɗe!"

Ana cikin haka Mai Lofe ya dawo. Ya tsaya, ya cire lofen daga baki, na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari, ya ce me ya sa ba a gaya masa ba, aikin Haladu ai na Haladu ne. Sannan ya karɓi langalanga shi ma, sara biyu ya kwantar da furannin matarsa. 'Yan gayyar suka ci gaba da zuwa bi da bi har ruwa ya ɗauke.

Da hannu ya samu hutu na gaske, kumburi ya saɓe. Muka fara da miƙar da wuyan hannu, sai matsa dunƙulen tsumma, sai ɗaga 'yar jakar yashi a sauke ta a hankali, daga baya jifa kaɗan-kaɗan ana tsallake rana. Sai ga Malam Yohanna ya shigo mana riƙe da nasa wuyan hannun, langalanga ta yi masa aiki. Ranar na fara jin dariyar Sista. Ta kafa wa ƙungiyar duka doka: a motsa jiki ya yi ɗumi kafin jifa, kada mutum ɗaya ya yi ta yi ba canji, kuma da an ji tsami a jijiya a tsaya.

Da lokaci ya yi ta sake gwada shi, ya damƙi yatsunta ba ko yamutsa fuska. Ta yarda ya yi wasa, da sharaɗin ya yi jifa kaɗan a canza shi.

Ranar karawa fili ya cika, har masu gadi da kukun unguwa sun zo. Haladu ya rugo ya saki ƙwallo, Mai Lofe ya kai duka ya sami iska, sandar tsakiya ta tashi sama. Ihun da muka yi ina jin har unguwar Giginyu an ji. Ni kam hawaye na yi, ban ɓoye ba. Haladu ya so ya ci gaba, jama'a na kiran sunansa, amma Malam Yohanna ya miƙa hannu ya ce ya ba da ƙwallo, ya kuwa bayar. Turawa ne suka ci wasan a ƙarshe, ba wanda ya damu. Washegari Haladu ya zo ya gaishe ni, ya matse mini hannu har na ce wayyo.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, mutanenmu ba sa lissafa aiki a cikin abin da ke cutar da su. In ka ce wa mutum ya huta, ka tambaye shi me hannunsa ke yi daga asuba zuwa magariba. In ya gaya maka, kada ka sallame shi sai ka san wanda zai yi masa aikin.