Jibrilla Mai Zama Kan Hannu

Duk shekara in an kawo gero gida, nakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika in aika gidan marigayi Jibrilla. Jikokina sun sha tambayata dalili. To ga shi.

Jibrilla taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. A Gangara anka haife mu, gonakinmu na manne da juna, rumbun iri ma guda muke da shi, gadon kakanmu. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani yakan zauna bakin kasuwa yana gyaran fitila da tocila. Da ƙuruciya ya taɓa yin yaron mota a hanyar Maraɗi, can ne wani direba ya koya masa dabo da karta. Ba caca ba. Jibrilla bai taɓa ɗora ko sisin kwabo a kan karta ba, wasa kawai yake yi.

A cikin gida kam gwani ne. Karta na tsakanin yatsunsa sai ka neme ta ka rasa, can sai ya zaro ta daga cikin ludayin matarsa Hajo, ita kuwa ta bi shi da muciya. Amma da baƙin ido sun taru, shi ke nan, hannunsa ya kama rawa kamar na mai zazzaɓi. Don haka bai taɓa kai wasan kasuwa ba.

Sai ga farin nan na wajen alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Gero ya tsaya bai fidda kai ba, ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma rairayi. Samari sunka yi kudu, mu masu iyali da tsofaffi munka zauna. Mata na jiƙa 'ya'yan anza su yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, shi ne abincin. Abin da ya rage mana kawai damman iri da ke cikin rumbu. In munka ci su, ko ruwa ya sauka ba mu da abin zubawa a rami. Irin da ake kawowa daga kudu kuwa ba ya jin ƙasarmu, namu shi ne mai saurin nuna.

Wata safiya yarana sunka tashi ba mai ƙarfin kuka. Na ɗauki tsani na jingina da rumbu. Ina hawa sai na ji muryar Jibrilla a bayana.

"Bawa, ina zuwa da sassafe? Aikin hajji?"

Na ce, "Dami guda za ni saukewa."

"Guda yau, guda jibi. Sauko, ɗan kawu. Ka ba ni kasuwa biyu. In ban kawo abin da za a dama ba, ni da kaina za ni riƙe maka tsanin."

Na dube shi, na dubi hannunsa. Na sauko.

Ranar kasuwar Sabon Birni munka tafi, ni ke ɗauke da tabarma. Mutane sun taru ba laifi, don mai yunwa ma yana son abin kallo. Jibrilla ya fara da wasan da ya fi ji da shi, wanda ake ɓoye karta a tafin hannu. Yatsun sunka ƙi. Kartar ta zame ta faɗo kan tabarma a gaban kowa. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Malam, aljanin naka ma bai karya ba yau!" Dariya ta ɓarke, taro ya watse. Munka naɗe tabarma munka dawo gida.

Mun tarar da Hajo a tsakar gida tana tsane anza. Ba ta tambayi abin da munka samo ba, ta ga tabarmar ba komai a ciki.

Ta ce, "Malam, da wanne ka fara?"

"Da babban."

"Ai fa. Wanda kake yi wa yara fa, wanda ba ka ko taɓa kartar?"

Ya ce, "Haba Hajo, wannan wasa ne? Ko Bawa ai zai iya shi."

Na ce, "Na gode, Allah shi saka."

Hajo ta ce, "Mutanen kasuwa sun san Bawa zai iya? Hannun ne ke ba ka kunya. To zauna a kansa, mu gani ko zai yi rawa."

Da ba'a ta faɗa, amma Jibrilla ya ɗauki maganar da gaske. Can ya shimfiɗa tabarma, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya ce in ɗauki karta. Yinin nan duka munka yi muna tankaɗe wasanninsa. Ni ke riƙe karta, shi baki kawai yake sawa. Duk wasan da ya kai inda sai ya zaro hannu, sai Hajo ta ce, "Wannan na baya ne," a ajiye shi gefe. Har munka ware guda uku da ke tafiya da kansu, ba saurin yatsa, ba ɓoye komai.

Na farkonsu shi ne ya koya mini sirrinsa, kuma yanzu da ba shi da rai ba na jin zai ƙi in faɗa. Mutum zai cakuɗa karta yana tsaye, Jibrilla na zaune a ƙasa, don haka yana hango wadda ke can ƙarƙashi. Mutumin ya ɗauki ta sama ya duba, ya mayar, ya raba kartar biyu ya ɗora rabin ƙasa a kan na sama. To wadda Jibrilla ya hango ta hau kan wadda anka zaɓa ke nan. In ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, da ya ga tasa ta fito, mai bi mata ita ce. Iyakar abin ke nan.

Kasuwa ta biyu garin Isa munka nufa, a bayan wata motar fatu, don a shekarar fata ta fi komai yawa. Munka shimfiɗa tabarma kusa da kara, inda ake sayar da shanu. Can gefe Fulani ne zaune a jere, kowa da sandarsa, ba saniya ko ɗaya a gabansu.

Jibrilla ya yi bisimilla ya zauna kan hannunsa. Ni da ke kusa ina ganin kafaɗarsa na motsi. Muryarsa ta fito siririya: "Jama'a, wannan ba caca ba ce, ba kuma aljani. Dabara ce. Ga karta, ni ba za ni taɓa ta ba. Wa zai riƙe mini?"

An daɗe ba wanda ya motsa. Sai wani dogon Bafulatani mai furfura a gemu ya taso. Jibrilla ya tambayi sunansa, ya ce Yero, daga wajen Burkusuma. Na miƙa masa karta.

Nan ne abin da ba mu yi tunani ba ya faru. A gida ni a tsaye nake riƙe karta, don tsakanina da Jibrilla ba kunya. Amma Yero mutum ne mai ladabi, ba zai tsaya a kan wanda ke zaune ba. Sai ya tuɓe takalmi ya tsugunna, ya cakuɗa kartar can ƙasa dab da tabarma, ya rufe ta da tafinsa. Ba abin da Jibrilla ya hango.

Tsanin nan kawai nake gani a idona. Jibrilla ya yi shiru har wani daga baya ya ce, "Malam, barci ne?" Na ga ya motsa kamar zai zaro hannu, sai ya ƙara danne shi.

Can ya ce, "Malam Yero, na ji ana raɗa wai akwai laya a ƙarƙashi. Ɗaga ta sama yadda take, rana ta gan ta, kowa ya shaida."

Yero ya ɗaga kartar sama da kansa, ya juya dama, ya juya hagu. Duk kasuwa ta ga ta ƙarƙashin, ba wanda ya san ita ce maganar gaba ɗaya. Ya ɗauki ta sama ya duba ya mayar, ya raba ya haɗa kamar yadda anka ce masa. Ya shiga buɗe su kan tabarma a hankali.

"Tsaya nan," in ji Jibrilla. "Wadda ke hannunka ita ce."

Yero ya juya ta. Ya kai hannu baki. "La'ilaha illallahu! Ita ce. Ja mai tabo uku. Ina da saniya mai irin wannan kamar, a hanya na bar ta." Ya ƙura wa kartar ido, sannan ya ce, "Malam, ko za ka nemo mini sauran?"

Jibrilla ya ce, "Wannan sai Allah, Yero. Ni na takarda kaɗai nake kiwo."

Yero ne ya fara dariya, har yana share ido da gefen rawani. Sauran Fulanin sunka taso sunka kewaye mu. Jibrilla ya yi na biyu, ya yi na uku, duk yana zaune kan hannu. Da ya zaro hannuwan, na duba, sun tsaya cak. Daga nan ya shiga manyan. Wasan nan da ya ba shi kunya a Sabon Birni ya yi shi sumul, ya zaro kartar daga malafar Yero.

Masu awo sunka riƙa zuba mana abin da ya sawwaƙa a kan tabarma, wannan tafin dawa, wancan garin rogo. Yero ba shi da abin bayarwa. Ya kwance igiyar da yake ɗaure maruƙa daga kafaɗarsa ya ajiye gaban Jibrilla, ya ce ba shi da abin ɗaurewa da ita yanzu. Da munka iso gida, da ita Jibrilla ya ɗaure murfin rumbu.

Haka munka yi ta zagaya kasuwanni har ƙarshen rani. Ba ƙoshi munka yi ba, kunu ne tsararo, wata rana ma babu. Mahaucin Sabon Birni kuwa da munka koma shi ne ya riƙe karta, ya kuma ba mu ƙashi. Amma duk ranin tsanin bai sake jingina da rumbu ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ni na hau na kwance igiyar Yero, Jibrilla na riƙe mini tsani kamar yadda ya yi alkawari. Damman nan suna nan cif. Munka sussuke, munka shuka, har munka ɗibar wa maƙwabta da sunka cinye nasu.

Bayan fari Jibrilla ya koma gyaran fitilarsa, wasa sai ranar suna ko sallah. Hannun ya daina rawa, amma har ya rasu bai taɓa buɗe wasa ba sai a zaune kansa. In an tambaye shi, yakan nuna Hajo ya ce umarni ne.

Geron da ke gonata bana jikan wancan iri ne. Hajo ta tsufa, ba ta gani sosai, amma in an kai mata zangarniyar takan shafa ta ta ce, "Bawa bai manta ba." Allah shi jiƙan Jibrilla, shi saka wa Hajo da alheri, shi kuma mayar wa Yero abin da ya rasa, in yana raye.