Kanumfari a Likkafanin Inna

Inna ta sayi likkafaninta tun tana da ƙarfinta, da ribar kunun zaƙin da take sayarwa a Taba. Farin yadi ne mai kauri, ita ta zaɓi abinta. Da gara ta addabi ɗakinta sai ta kawo mini shi Ikara, inda nake aure.

"Ke ce mai akwatin ƙarfe," in ji ta. "A cikin wannan za a sa ni. Kar in ji wani zance."

Ta nuna mini yadda ake adana shi. Kanumfari, irin wanda take dakawa a kunu, a ƙulle shi a tsumma a cusa tsakanin ninki, asu da kyankyaso ba sa son ƙamshinsa. Na ce ai akwai maganin ƙwari a kanti. Ta harare ni. "In shiga kabari ina warin fiya-fiya?"

Duk ƙarshen damina nakan fito da shi ya sha iska, in sauya kanumfarin. Zannuwana kaf suka ɗauki ƙamshin, har maigidana yana tsokanata wai da tukunyar kunu yake zaune.

Ina tsintar wake Yaya ya kira ni a waya, ya ce Inna ta cika. Na ce to. Na ce likkafaninta yana wurina, a jira ni.

Na shiga mota. A Makarfi direba ya tsaya lodin buhunan barkono. Ni da ba a taka ni in yi shiru, wallahi ko uffan ban ce masa ba. Ina zaune da ƙullin likkafanin a cinya. Matar da ke kusa da ni ta ce turarena da daɗi, a ina na saya? Na ce na gode.

Na sauka a Taba na tarar maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk laka.

"Ki yi haƙuri," in ji Yaya. "Hadari ya haɗo, liman ya ce ba a ajiye gawa. Wani muka yanko."

Na dube shi. Na nemi haushin a raina, babu. Kukan ma bai zo ba.

A cikin gida ƙanwar Inna ta karɓi ƙullin ta warware yadin a gaban mata. Ko huda ɗaya babu. Ta shinshina, ta ninke shi yadda yake, ta mayar mini a cinya.

"Koma da shi, 'yar nan," ta ce. "Ai tsayinku ɗaya da marigayiyar."