Dutsen Kan Tulun Gauta

Ranar sha biyu ga Afrilun 1987 Hozumi Sakae ta fara haɗuwa da Kuroiwa Genzo, a ƙofar haikalin garinsu, ta zo da takalma duk taɓo. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, gidan ya yi mata faɗi, sai ta nemi shiga cikin masu zaman shiru na ibada da tsara baitoci duk wata a haikalin. Genzo ya dubi takalman kafin ya dubi fuskarta.

"Kicin yana ta baya, Gwaggo," ya ce.

Tsohon dillalin shinkafa ne. Tun yana saurayi yake zaman shiru gaban bango, kuma ba wanda bai gaya wa ba. Shi ke riƙe sandar da ake buga wa mai gyangyaɗi a kafaɗa, hannunsa kuwa ya fi nauyi a kan waɗanda ba ya so. Kullum wa'azinsa shi ne mutum ya zubar da son kai, amma a ranar baitoci kunnensa na tsaye yana jiran yabo. Baitocinsa wata ne da gajimare, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba.

Al'adar taron ita ce kowa ya miƙa baitinsa ba suna, wani ya kwafe da hannunsa, kowa ya zaɓi wanda ya fi so. In an karanta wanda aka zaɓa, mai shi ya faɗi sunansa da ƙarfi. Na Sakae ba sa ɓuya, don wanki ne da tukunya.

"Wannan yana warin albasa," Genzo zai ce. "A buɗe taga."

Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya har suka yarda a taron kaka za a yanke ko ta zauna ko ta tafi. Sakae ba ta da wani wurin zuwa. Ranar taron ta iso da wuri, ta zauna can ƙarshen tabarma.

Genzo ya shirya mata tarko. Ya tsara baiti irin nata, a kan dutsen da ake danne gautan da aka jiƙa a gishiri da shi, don a yi dariya, ya jefa cikin sauran. Lissafinsa, in ba wanda ya amsa, kowa zai ce kunya ce ta rufe mata baki. Mai karatu ya karanta:

*Dutsen kan tulun gauta
ya fi ni iya zama,
ga shi ba ya kuka.*

Ba wanda ya yi dariya. Kusan kowa shi ya zaɓa, har malamin haikalin, wanda ya ce ya daɗe bai ji magana a kan zama da ta kai wannan ba. Aka juyo ana duban Sakae.

Ta ga kunnuwan Genzo sun yi ja, nan take ta gane. In ta ce nata ne, zamanta ya tabbata. Amma ta fi son ganin yadda zai yi.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Ni ma shi na zaɓa."

Aka sake karantawa. Shiru. Malamin ya ce ba a wucewa sai mai baiti ya amsa, ya gyara zama, kowa ya gyara. Mutane ne da suka saba da shiru, ba mai gaggawa. Shayi ya huce. Gumi ya gangaro wuyan Genzo.

"Genzo," ya faɗi sunansa a ƙarshe.

"Ashe Malam Genzo ya san hanyar kicin," in ji Sakae. "A buɗe taga, ko a bari?"

Maganar korarta ba wanda ya sake tayarwa. Genzo ya koma wa watansa da gajimarensa, bai ƙara zuwa na ɗaya ba, kuma duk wanda ya yaba masa baitin gauta sai ya tashi ya bar wurin. Bai ƙara yi wa Sakae magana ba. In ya zo bayanta da sanda sai ya wuce, ko da ta haɗa tafukan hannu tana neman bugun, yadda mai jin barci kan roƙa.

Ya rasu a Fabrairun 1994. 'Ya'yansa suka tambayi 'yan taron wane baitinsa ya fi, aka gaya musu, suka sa aka sassaƙa shi a dutsen kabarinsa. Kabarin yana kan hanyar da Sakae ke bi zuwa na mijinta. Takan tsaya ta karanta, amma ba ta taɓa zuba masa ruwan da ake zuba wa kabari don girmamawa ba.