Labulen Adda Hindu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Hindu ta unguwar Djamboutou a Garoua, maƙwabciyata da nake kira Adda, wato Yaya. Nasa muke dukkanmu, kuma inda ta tafi can za mu same ta.

Adda, masu zaman makoki sun yi ta ambaton azuminki da sadakarki. Ni labulenki zan ambata, tunda shi ne abin da danginki suka fi jin kunyarsa.

Daminar da ɗakin Odette ya rushe, Kiristar nan mai sayar da gyaɗa wadda mijinta ya mutu, unguwa ta taru ta yi mata jaje ta watse. Ke kaɗai kika ce ta kwaso tabarmarta. Ba ki da sauran ɗaki, sai kika raba falonki biyu da labule. Kafinta ya so ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango kamar yadda kowa ke yi, kika ƙi. Kika ce masa, "Dogon mutum zai leƙa ta sama. Kafa ƙarfe a silin, labule ya sauko har ƙasa. Babbar mace ce, ba kaya na ajiye ba."

Da babban ɗanki Ziyad ya zo Salla daga Yaoundé, ya ɗaga kai ya yatsine fuska. "Mama, wannan falo ne ko asibiti?" Matan dangi suka tuntsire da dariya, su da ko ruwan sha ba su taɓa miƙa wa Odette ba. Da ciwo ya kwantar da ke, Odette ce ke fitowa daga bayan labulen ta juya ki, ta ba ki kunu a baki. Ziyad kuwa ya yi bakin ƙoƙarinsa, yana turo gaisuwa ta waya.

Ranar da kika cika, gida ya cika maƙil, muka rasa inda za mu yi miki wanka. A bayan labulen nan muka yi. Odette ta tsaya daga waje ta riƙe bakinsa kada iska ta buɗe, tana kuka ba sauti.

Ko sadakar uku ba a yi ba Ziyad ya hau tebur da takalmansa ya kwance ƙarfen, wai manyan baƙi za su zo. Tabarmar Odette da 'yar tukunyarta suka bayyana a tsakiyar falo, masu gaisuwa suna tsallakewa. Ya ce ta nemi wuri. Ban taɓa raina ɗan mutum ba kamar yadda na raina shi ran nan, kuma na faɗa masa a gaban manyan baƙin nasa.

Na tsinto labulen a bayan gida inda suka yar. Falona bai kai naki ba, amma jiya kafintan ya zo. Ya fito da igiyarsa, na nuna masa sama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Odette da farko, sannan ga 'ya'yanki da danginki. Allah Ya ba su haƙuri, Ya haɗa musu da kunya.

Allah Ya jiƙanki, Adda, Ya yafe kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa Odette, daga sama har ƙasa. Amin.