Kwana Goma Sha Ɗayan Toma

Tun shekarar 1974 Toma yake rubuta wa marasa lafiya ranar dawowa a asibitin mishan inda nake aikin ungozoma. Mutum ne mai taurin kai, ga son a ce ya iya. Da gaɓoɓin yatsunsa yake lissafin kwanaki, kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba, ko da yake Allah ya sani na nema.

A 1987 wani likita ya zo da odinata, na'urar lissafi mai allo kamar talabijin, ya koya wa Toma rubuta mata umarni. Matan ƙauye ba su san watannin Nasara ba, da Salla suke auna komai. Sai Toma ya saka wa na'urar ranar ƙaramar Salla, ya umarce ta: ki ƙara kwanakin da mace ta ce sun wuce daga Salla zuwa jininta na ƙarshe, ki ƙara kwana ɗari biyu da tamanin na ciki, ki rage sha huɗu ga wadda za a yi wa fiɗa. Wata guda yana cika mana kunne da wannan bajinta.

Bayan Sallar shekarar da ta biyo, wata mata Zaliha ta zo awo daga ƙauyen Deule. Sau biyu ana yanka ta wajen haihuwa, kuma likita ya ce in naƙuda ta same ta a gida mahaifar za ta iya fashewa. Ta ce jininta na ƙarshe kwana uku ne bayan Salla. Na'ura ta ba da ashirin da ɗaya ga Fabrairu, Toma ya rubuta mata a takarda.

Ran sha shida ga Fabrairun, da hantsi, ina jera sunayen masu fiɗa, na ce masa cikin tsokana, "Azumin bana ma zai riga na bara da kwana sha ɗaya, ko na'urarka ta sani?"

Bai yi dariya ba. Ya hau danna yatsunsa.

"Yaya Hannatu, Sallar bara waccan ce a ciki. Ban canza ba. Zaliha tun ran goma ya kamata ta zo."

Raina ya ɓaci har na kasa zaginsa. Muka roƙi motar asibiti, muka kama hanyar Bouza da ke bi ta Deule, duwatsu na dukan ƙasan motar. Ina ta addu'a, shi kuma yana ta sake lissafin, kamar zai fito masa daban.

Mun tarar da Zaliha tana sussukar hatsi, cikin ya sauko ƙasa. Mijinta Isufu ya ɗauko takardar daga cikin hularsa.

"Malam Toma, kai kar rubuta wagga da hannunka. Saura kwana biyar. Ga albasa ban ida cira ba, wa za shi yi jinyarta?"

"Malam Isufu, ni niy yi kuskure," in ji Toma. Shekara goma sha biyar muna aiki tare, ran nan na fara jin wannan magana a bakinsa.

"In ka yi kuskure can, mi za shi hana ka yi yanzu?"

Sai Zaliha ta aje taɓarya, ta shiga ɗaki, ta fito da wani zare mai ƙulli-ƙulli.

"Duk tsayuwar wata ina ƙulla guda tun bayan Salla. Ku ƙidaya."

Isufu ya ƙidaya da kansa. Tara.

"Kuma tun da sahe bayana na ciwo," ta ce a hankali. "Na yi shiru ne don takarda ta ce da saura."

A hanya naƙudar ta fara sosai. Na riƙe ta, direba na gudu, Toma a gaba bai juyo ko sau ɗaya ba. Kafin la'asar aka shiga da ita. Da likita ya fito ya ce an sami mace, uwa na da rai, amma tabon mahaifar ya yi siriri kamar ɓawon albasa, awa biyu aka ƙara da shi ke nan.

Toma ya gyara umarnin a ranar: na'ura ba ta lissafi sai ta tambayi Sallar wace shekara. Zaren kuwa ya roƙi Zaliha ta bar masa, ya ɗaure shi a jikin allon. Har ya bar aiki, in na'ura ta ba da rana, sai ya dubi matar da ke gabansa ya ce, "Ke kuma, wata nawa kika ƙidaya?"